A Dawo da Kifin Ɗakin Iya

Zuwa ga Mushe Dirakta, shugaban makarantarmu,
tare da sanin ƙungiyar iyayen ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da dukkan malamanmu. Yaya aiki, yaya zafi, yaya haƙuri da mu? Allah ya ba da lada.

Ranku ya daɗe, sunana Fasuma, ina ajin ƙarshe a ɓangaren kimiyya. Mai yiwuwa ba za ku gane ni da suna ba, don ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ofishinku ba. Amma in na ce yarinyar da ta kawo kifin teku a makon al'adu, za ku tuna. Na sha zuwa ƙofar ofishinku don in faɗi abin da ke cikin takardar nan, in tsaya, in koma. Ranar da na samu na shiga, kuka ɗaga kai daga kan takardu kuka ce, "Maganar kifin ce? Ai ta wuce." Na ce a gafarce ni, na fita. Tunda baki ya kasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na bar wasiƙar a buɗe ne domin abin a gaban jama'a ya faru, kuma har yau akwai iyayen da ke tare Innata a hanya suna yaba mata cewa ƴarta ta yi kyauta ta girma. Babana ya karanta ta kafin in kawo. Ya ce ba zai hana ni ba, amma kada in zagi kowa, kuma kada in ƙara ko ƙwayar gero a kan gaskiya. Zan yi ƙoƙari in kiyaye.

Na ɗaya: mai akwatin.

Akwatin gilashin da kifayen ke ciki ba na makaranta ba ne. Ni ma ba nawa ba ne. Na yayana Sanusi ne, wanda yake aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Maigidansa na can yana kiwon kifin teku a falonsa, da zai bar ƙasar sai ya bar wa Yaya ƙaramin cikin akwatunansa. Yaya kuwa ɗaki ɗaya suke kwana da abokan aikinsa, ba shi da wurin ajiye shi. Sai ya yi abin da kowa ya ce masa hauka ne. Ya ɗauko shi a gaban babbar motar kaya, duwatsun a cikin bido, wato jarka, da ruwansu, kifayen a leda da ɗan inji mai batir yana hura musu iska, har Damagaram. Da yawa sun mutu a hanya. Waɗanda suka iso su ne kifi biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, da ɗaya shuɗi mai rawayar jela, da jatan lande ja da fari, da murjani iri uku manne a jikin duwatsun.

Gidanmu a Birni yake, tsohon ginin ƙasa ne. Ɗakin da ya fi ko'ina sanyi shi ne soron kakata, Iya, don bangonsa mai kauri ne, shi ya sa aka ajiye akwatin a can. Iya ta daɗe ba ta fita, gwiwoyinta sun ƙi. Ranar da Yaya ya nuna mata abin da ke motsi a kan dutse kamar fure, ya ce mata murjani ne, sai ta sa aka ciro tsakiyar murjaninta ta aure daga adudu, ta kara a jikin gilashin. Ta ce Sanusi ya koyo ƙarya a bakin teku, nata dutse ne, wannan kuwa numfashi yake yi. Daga baya ita ta fi kowa sanin halinsu. In ta idar da sallar asuba ba ta tashi daga kan buzu, tana jan carbi tana kallon murjanin yana buɗewa. Kifaye biyun da ba sa rabuwa ta sa musu Ango da Amarya. Shuɗin da ke korar kowa daga bakin raminsa ta sa masa Dogari.

Da Yaya zai koma bakin aiki ya danƙa mini su. Shekara biyu ke nan, kuma ko ɗaya bai mutu a hannuna ba.

Na biyu: abin da kiwonsu yake ci.

Dole in yi wannan bayani, don na ji an ce a ɗakin malamai wai ai kifi ne kawai, a zuba ruwa a watsa tsaki.

Ruwan teku ba ruwa da gishiri ba ne kurum. Gishirin miya ba ya yi, kantun Bilma ba ya yi, balle kanwa. Akwai wani garin gishiri na musamman da Yaya ke aiko mana ta hannun direbobi. In hanya a buɗe take ya iso, in ta rufe sai mu shiga tattalin ɗan abin da ya rage. Ruwan famfo ma ba ya yi. Da damina nake tarar ruwan sama, in bar na farko ya wanke indararo, in tari na baya, in tace, in jera bidodi a ƙarƙashin gadon Iya. Kun san yadda ruwa yake a garin nan. Akwai ranakun da tukunya ke jiran mai garuwa har rana ta take, amma Inna ba ta taɓa buɗe bidon kifi ba.

Kullum ruwan akwatin yana raguwa don zafi na shanye shi, gishirin kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba. Saboda haka ruwa zalla ake ƙarawa, ba mai gishiri ba. Akwai wata ƴar kwalba mai iyo da nake sakawa, ita ke nuna ko gishirin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Bazara ce babbar fama. Murjani ba ya jure zafi. In ruwa ya yi ɗumi sai ya rufe, ya koɗe, ya yi fari fat, daga nan babu dawowa. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara tana sa mini kwalaben ruwa a firijonta, in na taso daga makaranta da rana in karɓo, in saka su a rufe su yi ta iyo a ciki, in sauya in sun narke. Taga kuwa jiƙaƙƙen buhu muke ratayawa. Injin da ke juya ruwan ba ya son tsayawa, wuta kuma kun san halinta, don haka Baba, wanda baduku ne, ya haƙura da gyaran babur ɗinsa ya sayi faifan hasken rana da batir.

Ban faɗi wannan don a yaba mini ba. Na faɗa ne don ku san abin da ya fita daga gidanmu, da kuma yawan hannuwan da suka riƙe shi.

Na uku: abin da kuka faɗa a zaurenmu.

Mushe Habu, malaminmu na kimiyyar halittu, shi ya fara jin labarin, don na yi rubutu a kan murjani a aikin gida. Ya zo ya gani, ya ba ku labari. Ana saura ƴan kwanaki a fara makon al'adu kuka zo gidanmu da kanku, bayan la'asar. Baba ya shimfiɗa muku tabarma a zaure. Ni na kawo ruwa, na koma bayan asabari na tsaya, don haka duk abin da aka faɗa da kunnena na ji.

Baba ya ƙi da farko. Ya ce abin ba nasa ba ne, mai shi ba ya gari, kuma ɗaga shi daga wurinsa haɗari ne. Iya ma ta aiko daga ciki cewa kada a taɓa mata baƙinta. Ku kuma kuka ce yaran Damagaram a littafi kawai suke karanta teku, da yawansu za su tsufa ba su gan ta ba, ga Allah ya kawo ta cikin Birni, bai kamata a hana su gani ba. Kuka ce ranar Asabar da yamma, da an rufe taro, motar makaranta za ta dawo da shi. Daga nan kuka dafa ƙirjinku kuka ce, "Malam Lawali, amana ce a wuyana. Yadda ya fita haka zai dawo."

A kan wannan magana Baba ya yarda. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ina da ƙawaye ƴan Gaffati da Zermu da ke zaune a gidajen dangi suna karatu, na sha ba su labarin Ango da Amarya suna cewa ina ƙari. Kuma ban ji tsoro ko kaɗan ba, domin ku ne kuke tsayawa a gabanmu duk ranar Litinin wajen ɗaga tuta kuna ce mana ilimi ba tare da riƙon amana ba kamar rijiya ce babu guga.

Na huɗu: ranar Asabar.

Kwanakin farko sun yi kyau, kuma ina gode muku da su. Ƴan ƙananan aji sun yi layi har bakin ƙofa. Wata yarinya ƴar Garagumsa ta tambaye ni a hankali ko fenti muka shafa musu. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji, na yini ina bayani.

Ranar rufewa babban baƙo ya zo, Alhajin da ya yi wa makaranta katanga, wanda ake sa ran zai gina mana ɗakin gwaje-gwaje. Ba zan ambaci sunansa ba. Kuka zagaya da shi har teburina. Na yi bayanin da na haddace da Faransanci, muryata na rawa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce masha Allah, irin wannan a wani masauki a ƙasar waje ya taɓa gani, bai zaci akwai shi a garinmu ba. Bai gama miƙewa ba kuka ce, "Ai naka ne, Alhaji. Makaranta ta ba ka."

Aka yi tafi.

Ranku ya daɗe, a lokacin ban fahimci abin da ya faru ba. Na ɗauka irin maganar da dukanmu muke yi ce. Baƙuwa ta yaba zanenki, ki ce ai naki ne, ita kuma ta ce na gode, ya fi kyau a jikinki, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa. Ina jiran Alhaji ya ce haka. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi a naɗe, ya miƙo mini, ya ce ga tukwicin ƴata. Na dube ku. Kuka ce in karɓa mana in yi godiya. A gidanmu an koya mini ba a barin hannun babba a miƙe. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, mai hoto ya ɗauka, aka sake tafi, kuka wuce teburi na gaba.

Na tafi sallar azahar ina gaya wa kaina cewa da yamma za ku gyara maganar. Da na dawo, babu komai a teburin sai jiƙa. An kwashe rabin ruwan an zubar a ƙasa don akwatin ya yi sauƙin ɗauka, an ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota a tsakiyar rana, an tafi. Bidon ruwan da na haɗa da ƴar kwalbar awon gishiri suna nan a ƙarƙashin teburi, don babu wanda ya san suna tare. Mushe Habu yana tsaye a wurin. Ya kasa duban fuskata, ni ma na kasa duban tasa.

Ni na ɗauki bidon a ka har Birni. Na tarar Iya ta sa an share kusurwar, an goge teburin, an jiƙa buhun taga, tana jiran mota. Baba ne ya gaya mata, don ni ban iya ba. Ta ce, "Wanda ya zauna a tabarmarmu?" Baba ya ce shi. Sai ta sa a fitar da teburin daga ɗakinta.

Na biyar: maganar tukwici.

A makon da ya biyo baya kuka aiko sirbeya, mai kula da ladabin ɗalibai, ya gaya mini abu uku. Wai na karɓi tukwici a gaban jama'a, don haka kyauta ta tabbata. Wai makaranta za ta ba ni takardar yabo a ƙarshen shekara. Wai kuma za a sama mana wasu kifayen.

Ina roƙon ku yi haƙuri in amsa. Ni yarinya ce, amma na san tukwici. Tun ina ƙarama ake aike na da kwanon abinci gidajen dangi ranar salla, a ba ni tukwici in dawo da murna. Ɗan aike ake ba tukwici, saboda ya kawo abin da mai shi ya bayar da yardarsa. Tukwicin ɗan aike ba ya mayar da kayan wani su zama na wanda ya aiko shi. Mai wannan kaya yana Kwatano, ba a tambaye shi ba. Mai gidan da kayan suka fito yana Birni, ba a tambaye shi ba. Ni kuwa ba a aike ni ba, an dai ce in karɓa, a gaban manya, a lokacin da kuka san ba zan iya cewa a'a ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kun san ni mai kunya ce. Kun ji muryata tana rawa. Da wata ce mai baki a wurin, ban sani ba ko da kun faɗi abin da kuka faɗa.

Kuɗin yana nan yadda aka naɗe shi. Ban warware ba. Inna ta ƙulle shi a gefen wani tsohon kallabi, kuma yau da safe na kai wa Mushe Habu ajiya.

Kifin da aka ce za a sama mana ya iso. Gardin makaranta, mai tsaron ƙofa, shi ne ya kawo shi a roba, karfasa ce ƴan ƙanana daga tafki. Baba ya yi masa godiya, ya ba shi ruwa ya sha, ya ce ya kai wa iyalinsa. Gardin ya fi mu jin kunya. Takardar yabo kuma ina roƙon a bar ta, ban san abin da za a rubuta a cikinta ba.

Wasu sun ce me ya hana Baba ya je gidan Alhaji da kansa. Na tambaye shi. Ya ce mutumin da ya je ƙofar wani yana neman a mayar masa da kyautar da aka yi a bainar jama'a, ya kunyata wanda aka ba, ya kunyata wanda ya bayar, ya kunyata kansa, kuma a ƙarshe za a ce talaka ya ga kuɗi ya raina. Ya ce bakin da ya bayar shi kaɗai ke iya karɓowa ba tare da an ji ciwo ba. Shi ya sa ku nake rubuta wa, ba wani ba.

Na shida: halin da suke ciki yanzu.

Akwai ƴar ajinmu, Zara, da ke zaune a gidan Alhaji, ƴar ƙanwar matarsa Hajiya ce. Ita ke ba ni labari kullum a lokacin hutun safe, kuma ni nake tambayarta, ba ita ke kawo gulma ba.

Alhaji ya yi tafiya washegarin taron. An ajiye akwatin a babban falo, kusa da taga, don a nan ya fi kyan gani. Rana tana dukansa daga hantsi har azahar. Da suka ga ruwan rabi ne, suka cika shi da na famfo, kuma da yake sun ji an ce ruwan gishiri ne, mai aiki ta ɗebo gishirin miya a hannu ta watsa. Yara suna jefa musu biskit da burodi. In an ɗauke wuta injin yana tsayawa, babu wanda ya san hakan matsala ce. Ba mugunta suka yi ba. Kula suke yi iyakar saninsu, babu dai wanda ya gaya musu.

Jatan landen ya fara mutuwa. Dogari ya bi shi. Murjani iri biyu sun rufe sun fara fari. Na ukun, mai launin kore, shi kaɗai Zara ta ce yana ɗan buɗewa da safe. Ango yana cin abinci, Amarya kuwa tun shekaranjiya tana saman ruwa tana buɗe baki, ba ta saukowa. Zara ta hana yaran jefa burodi, tana kuma jan labule in rana ta taso, iyakar abin da za ta iya ke nan. Ta roƙi Hajiya a bar ni in shigo in duba, Hajiya ta ce kayan Alhaji ne da makaranta ta ba shi, ba mai taɓawa sai ya dawo ko kuma makaranta ta yi magana. Gaskiyarta ce. Zara ta ce ranar Juma'a zai dawo.

Ba ni da ƙorafi a kan Alhaji. A saninsa kayan makaranta aka ba shi, ya kuma yi abin da mai mutunci ke yi, ya ba da tukwici. Ina kyautata zaton da ya san daga ɗakin tsohuwa abin ya fito, da ba zai yarda ya kwana a gidansa ba.

Yaya Sanusi yana kira duk ƙarshen mako. Bayan ya gaida Iya, tambayarsa ta farko kifayen ne. Wannan karon ya ce in aiko masa da hotonsu, na ce to. Har yanzu bai sani ba. Baba ya ce in ba a yi komai ba zuwa kiransa na gaba, shi zai gaya masa, don ba a ɓoye wa mai kaya asararsa.

Ranku ya daɗe, na san makarantarmu tana bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Mu da ke ajin ƙarshe a allo muka koyi komai, ba mu taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, kuma ina so ƙannenmu su samu abin da ba mu samu ba. Na san kuma nauyin da ke kanku ba ƙarami ba ne, kuma mutum yakan faɗi magana a gaban babban baƙo kafin ya auna ta. Da a ranar kuka kira ni kuka ce bakinku ya riga ku, mu san yadda za a yi, wallahi da ban rubuta wannan ba. Abin da ake bukata a wurin bai fi a ce, Alhaji, na aro ne, mu ma amana aka ba mu, ba. Ba na jin da ya fasa gina mana komai saboda haka. Amma kuka bar mota ta tafi, kuka ce maganar ta wuce, kuka aiko mana da karfasa. Ni ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya a layin ɗaga tuta in sunkuyar da kai don kada in ji abin da kuke faɗa ba. Litinin ɗin da ta wuce haka na yi.

Ga abin da nake roƙo.

Da farko, kuma wannan ba ya jiran Juma'a, ku kira Hajiya yau ku ce makaranta ta turo ni in duba kifin. Zan bi Zara bayan an tashi, in matsar da akwatin daga taga, in fara sauya ruwan kaɗan-kaɗan. Ba zan ce mata komai game da mai shi ba.

Sannan in Alhaji ya dawo, ku je ku same shi ku gaya masa gaskiya, ku mayar masa da tukwicinsa da ke hannun Mushe Habu, tare da godiyata. In ya yarda a dawo da akwatin, a ɗauko shi da yamma bayan rana ta yi sanyi, kuma ina wurin.

Ina kuma roƙon ku sake zuwa zaurenmu. Ba sai kun kawo komai ba. Iya ba ta neman diyya, Baba ma haka. Amma maganar da aka ƙulla a kan tabarmar nan ya kamata a zo a warware ta a kanta.

In kuwa kun ga ba za ku iya karɓo shi ba, saboda nauyin Alhaji ko saboda ɗakin gwaje-gwaje, to ku faɗa mana a fili. A bar masa. Ni zan yi wa Yaya bayani, zan kuma ba Iya haƙuri. Sai dai ku nema mini izini in riƙa zuwa gidan ina kula da su, da gishirinmu da ruwanmu, har a samu wani a gidan ya koya. Gara su rayu a falon wani da su mutu ana gardamar mai su.

Na ƙarshe, kada wannan takarda ta shafi Mushe Habu, ko Zara, ko gardi. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya rubuta mini. Takardun jarrabawata ta Bak, ta kammala sakandare, suna ofishinku suna jiran sa hannunku, na san da haka lokacin da nake rubutu, kuma na bar wa Allah da adalcinku.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Allah ya dafa muku a kan nauyin da ya ɗora muku, ya sa ku gama da makarantar nan lafiya, ya shirya muku zuri'a, ya haɗa ƴaƴanku da malamai masu cika alƙawari. In akwai kalmar da ta yi tsauri a cikin takardar nan, ku yafe mini, ban saba ba.

Jiya da yamma na haɗa sabon ruwa da ragowar gishirin da muke da shi, na auna, ya yi daidai. Yana bakin ƙofar zaure a rufe, in ɗauka kawai in tafi. Ruwan zai iya jira har Juma'a. Amarya ce ban sani ba.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarku,
Fasuma, ajin ƙarshe, ɓangaren kimiyya.